Duk lokacin da aka ɗauke wuta sai ya koma farkon fayil

Ina koyon Python, na rubuta wata 'yar manhaja da ke karanta babban fayil na sunaye layi-layi tana zuba su cikin rumbun bayanai. Da zarar an ɗauke wuta, sai aikin ya koma daga farko. Na gwada ƙirga haruffan da na karanta in ba seek() adadin, sai na faɗa tsakiyar kalma. Na sa tell() cikin madaukin for, Python ya ƙi. Don Allah a haska min.

Ɗalibi daga Zariya

To, ƙanena. Ka daina ƙirgar nan da hannu. seek() ba haruffa yake lissafawa ba, bayit yake lissafawa, kuma a tsarin UTF-8 haruffanmu ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit 2 yake ci. Duk sunan da ke ɗauke da ɗaya daga cikinsu yana rage maka ɗaya a lissafi. Idan kuma a Windows aka rubuta fayil ɗin, ƙarshen kowane layi bayit 2 ne, Python na miƙo maka shi a matsayin ɗaya. Ga inda kalmarka ta tsage.

Batun tell() kuwa, da gangan Python 3 ke kashe shi idan kana bin fayil ɗin rubutu da for, domin sauri. Ka buɗe fayil ɗin da "rb", ka riƙa ɗauko layi da readline(), ka juya shi zuwa rubutu da decode(). A nan lambar da tell() ya ba ka ainihin wurin ce, seek() zai dire ka a bakin layi daidai.

Wurin da ake tuntuɓe shi ne lokacin ajiye lambar. Kada ka rubuta ta sai layin ya shiga rumbu, in ba haka ba wutar za ta tafi da suna ɗaya ba ka sani ba. Gara suna ya shiga sau biyu ka cire maimaicin. Ka fara rubuta lambar a fayil na wucin gadi, sannan ka maye gurbin tsohon fayil ɗin lambar da os.replace(), don kada a katse ka da rabin lamba.

Idan wani ya gyara layukan saman fayil ɗin kafin ka dawo, lambar ta tashi aiki. Ajiye girmansa da lokacin da aka taɓa shi tare da ita, ka duba kafin ka kira seek().