Zaɓi a Cikin Matsi: Shawara ga Masu Bi na Talata Mafara, Bakura da Maradun

A koyarwar Kirista, makomar mutum ta har abada tana rataye ne a kan amsar da ya bai wa kiran Allah tun yana numfashi. Wasiƙar Ibraniyawa 9:27 ta nuna cewa mutuwa sau ɗaya ce, shari'a kuma na biye da ita. Afisawa 2:8-10 ta bayyana ceto a matsayin kyautar alherin Allah da ake karɓa ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu, tare da sa ran ganin ayyukan kirki a rayuwar wanda ya karɓa. Katolika da Angilikan da ECWA da Baftis sun sha bamban game da matsayin baftisma da Jibin Ubangiji a cikin wannan al'amari, amma babu ɗaya daga cikinsu da ke koyar da cewa haihuwa a gidan masu bi, ko amsa suna Bulus ko Rifkatu, ya wadatar.

Inda matsalar take shi ne, mutane da yawa suna zaton wannan zaɓi na rana guda ne: ranar da aka ɗaga hannu a taron bishara, ko ranar da ajali ya ƙarato. A zahiri kuwa ana ta maimaita shi a kasuwa, a ofis, a ɗakin kwanan ɗalibai da kan hanyar gona, kuma galibi a lokacin da mutum ba shi da natsuwar yin tunani. Bukata ko tsoro ko fushi ne ke riga hankali yanke hukunci.

Wannan ya fi tsanani a yammacin Zamfara. Kiristocin Talata Mafara da Bakura da Maradun 'yan tsiraru ne a cikin al'ummar Musulmi: 'yan kasuwa, ma'aikatan asibiti, jami'an tsaro, malaman makaranta, masu yi wa ƙasa hidima, da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau. Da yawansu sun yi nisa da iyaye da ikilisiyar da ta rene su. Jihar da aka ƙirƙira a 1996 ita ce ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoban 1999, a zamanin Gwamna Ahmed Sani, ɗan Bakura, kuma hukumomi sun bayyana cewa Musulmi dokar ta shafa. Daga baya matsalar 'yan bindiga ta zo ta haɗa kowa da kowa. A shekarar 2021 kaɗai an sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe cikin Fabrairu, an kwashe ɗalibai da ma'aikata a Kwalejin Aikin Gona ta Bakura cikin Agusta, an kuma ɗauke ɗalibai 73 a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun ranar 1 ga Satumba. Musulmi ne suka fi yawa a cikin waɗanda wannan bala'i ya ci, kuma mai bi da ya manta da hakan ya fara lissafinsa da kuskure.

Matsin da ya fi yawan kayar da mutane shi ne na ciki. Farawa sura ta 25 ta ba da labarin Isuwa, wanda ya dawo daga farauta a gajiye, ya sayar wa ƙanensa Yakubu da matsayinsa na ɗan fari a kan akushin fate. Yunwarsa ta gaske ce, sai dai ta yini ɗaya ce, abin da ya bayar kuwa bai dawo ba, ko da ya neme shi da kuka kamar yadda Ibraniyawa 12 ta ambata. Irin wannan ciniki yana nan a yau da sababbin kamanni. Akwai mai shagon da aka yi wa tayin ninkin farashi idan zai aika da mai ko magani ko burodi cikin daji ba tare da tambayar mai saye ba. Akwai matashin da ake ba 'yan kuɗi don ya faɗi wanda ya sayar da shanu a kasuwa. Gwamnatin jihar ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe kasuwannin mako-mako a 2021 saboda irin wannan hulɗa. Ga mai bi, haramcin ya girmi dokar gwamnati: wanda ya ciyar da mai kisa da saninsa yana da hannu a jinin da aka zubar. Shawarar a nan gajeriya ce. Duk ribar da mutum ba zai iya faɗin asalinta a gaban matarsa da dattawan ikilisiya ba, ya bar ta, ko da barin zai sa a kwana da gari da ruwa.

Labarin Lutu a Farawa sura ta 13 ya fi wannan zurfi, domin shi ba laifi ya zaɓa ba. Da ƙasa ta yi wa garkunansa da na Ibrahim kaɗan, aka ba shi zaɓi, sai ya ɗauki kwarin Urdun saboda yalwar ruwansa. Duk wanda ya san bambancin gonar tudu da filin da ke shan ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ya san cewa manomi mai hankali ma abin da zai ɗauka ke nan. Kuskuren Lutu shi ne ya auna ruwa da ciyawa, bai auna maƙwabtan da zai rene 'ya'yansa a cikinsu ba, har ya ƙare a Saduma, ya fita ba dukiya ba mata. Mai bi da aka yi wa tayin aiki, ko canjin wurin aiki, ko haɗin jari, ya kamata ya ƙara tambayoyi a kan na albashi: da wa zai yi sujada a can, wa zai tsawata masa idan ya karkace, me yaransa za su tashi suna gani. Aure ma a nan ya shiga. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin riƙe addininsa ko sauya shi, amma sauyin da aka yi don miji ko muƙami, zuciya ba ta gamsu ba, babu addinin da ke yaba shi. Bulus ya yi gargaɗi a 2 Korantiyawa 6 game da ɗaura rayuwa da wanda ba a tarayya da shi a bangaskiya, ya kuma umarci wanda ya riga ya yi auren, a 1 Korantiyawa 7, da kada ya rabu da abokin zaman da ya yarda su zauna.

Tsoro kuma ta ƙofar neman kariya yake fara shigowa. Inda ake tare hanya, kasuwar laya da guru da maganin bindiga takan buɗe, kuma ba a rasa masu zuwa coci a cikin masu saye. Maimaitawar Shari'a sura ta 18 ta hana zuwa wurin boka da mai duba, kuma Ayyukan Manzanni 19 ta nuna masu bi na Afisa suna ƙone littattafan sihirinsu a bainar jama'a. Wannan hani bai shafi dabarar kare kai ba. Guje wa tafiyar dare, bin ayari, sauraron maƙwabta da suka san daji, da kai rahoto ga jami'an tsaro duk hikima ce. Abin da aka hana shi ne miƙa amanar rai ga wani iko da ba na Allah ba.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta wanda aka ɗora wa bindiga aka ce ya musanta bangaskiyarsa. Yesu ya yi magana mai kaifi a Matiyu 10 game da shaida shi ko musunsa a gaban mutane, kuma ikilisiya tana girmama waɗanda suka tsaya, irin su Leah Sharibu da aka sace a Dapchi a Fabrairun 2018. Amma tarihin ikilisiya bai tsaya nan ba. A shekara ta 250 Sarkin Rum Desiyus ya umarci kowa ya yi hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida. Masu bi da yawa suka yi, waɗansu suka sayi takardar da kuɗi. Da ƙura ta lafa, Nobatiyan na birnin Rum ya ce kada a sake karɓarsu. Taron bishop-bishop da Sifiriyan ya jagoranta a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, a shekara ta 251, ya yanke cewa a karɓe su bayan tuba ta gaskiya, kuma wannan ra'ayi ne ya tabbata. Tushensa Bitrus ne, wanda ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, aka kuma maido shi aka danƙa masa kiwon garke a Yahaya sura ta 21. Yahuza ma ya yi nadama, sai dai nadamarsa ba ta kai shi ga neman gafara ba. Saboda haka wanda ya dawo daga hannun masu garkuwa da nauyin abin da bakinsa ya furta, kada ya ɓuya. Ya je wurin fasto ko fada ya faɗa. Ikilisiyar da ta tarbe shi da tsegumi a maimakon abinci da magani da addu'a ta ɗauki ɓangaren da tarihi ya riga ya ƙi.

Ƙaura daga wurin haɗari ba musun bangaskiya ba ce. A cikin Matiyu 10 ɗin da aka ambata, Yesu ya ba almajiransa izinin barin garin da ake tsananta musu su tafi wani, Sifiriyan kansa ma ya ɓuya a zamanin Desiyus kafin a kashe shi a 258. Shi ne kuma ya tara kuɗi daga ikilisiyarsa don fansar masu bi da mahara suka kama a ƙasar Numidiya. Iyalin da suka sayar da gona don ceto ɗansu bai kamata a ɗora musu laifin rashin bangaskiya ba, ko da yake kowa ya san kuɗin fansa na ƙara wa ɓarayin daji ƙarfi.

Harshe na bukatar kulawa ta musamman a wannan yanki. A Agustan 2016, zargin ɓatanci da aka yi wa wani ɗalibi a Talata Mafara ya kai ga cinna wuta a gidan mutumin da ya taimaka aka kai shi asibiti, mutum 8 suka rasa rayukansu. Babu hujjar da za ta wanke ɗaukar doka a hannu. Duk da haka wajibi ne mai bi ya san cewa zagin abin da maƙwabci ke girmamawa ba shaidar bishara ba ce. Umarnin 1 Bitrus 3:15-16 shi ne a kasance a shirye don bayyana dalilin begen da ake da shi idan an tambaya, cikin tawali'u da ladabi. Gardamar addini a ɗakin kwana, a teburin mai shayi ko a Facebook da WhatsApp ba ta cika wannan sharaɗi ba. Romawa 12 ta hana ramuwa, Irmiya 29 kuma ta umarci bayin da ke zaune a Babila su nemi zaman lafiyar garin. Gaisuwar ta'aziyya, zuwa suna, da taimakon 'yan gudun hijira ba tare da tambayar addininsu ba suna cikin aikin bangaskiya.

Duk wannan awo ba ya yiwuwa ga wanda bai san Littafi Mai Tsarki da kansa ba. Tun 1932 aka buga shi cikakke da Hausa, bayan aikin shekaru da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi, yau kuma yana cikin waya, har da na sauraro ga wanda bai iya karatu ba. A wayar nan kuma ake samun masu wa'azin da ke sayar da mai da ruwa da alkawarin arzikin dare ɗaya. Mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17 sun riƙa gwada wa'azin Bulus kansa da Nassi kowace rana, aka kuma yaba musu. Wanda ya sa farashi a kan baiwar Allah, amsar da Bitrus ya ba Siman mai sihiri a sura ta 8 ta ishe shi. Kafin a yanke babbar shawara, ya dace a ba ta kwanaki, a yi addu'a, a kuma kai ta gaban mutum biyu ko uku da aka san rayuwarsu, waɗanda ba su da riba a cikin amsar. Mai matsa wa mutum cewa sai yau ko a fasa, yawanci yana gudun a yi wannan binciken ne.

Akwai shawara ɗaya tak da jinkiri ke ɓata ta, wato tuba. Gwamna Filikus ya saurari Bulus har ya tsorata, ya ce sai ya sami zarafi, shekara biyu suka wuce, Nassi bai nuna ya tuba ba. Mai arzikin da ke Luka sura ta 12 ya shirya rushe rumbunansa ya gina manya, a daren aka karɓi ransa, kuma ba noman ne laifinsa ba, lissafin da ya yi ne babu Allah a ciki. Masu dogara da ɓarawon da ya sami gafara a kan gicciye su tuna cewa su biyu ne aka gicciye tare da Yesu. Wanda ke riƙe da kayan wani ya mayar, kamar Zakka. Wanda ke gaba da ɗan'uwansa ya nemi sulhu kafin Lahadi. Wanda ya gaskata amma bai yi baftisma ba ya shiga ajin koyarwa.

Nauyi na ƙarshe yana kan shugabanni. Dayosis ta Katolika ta Sakkwato, wadda wannan yanki ke ƙarƙashinta, da Angilikan ta Gusau, da ECWA da sauran ikilisiyoyin da ke cikin ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, CAN, ya kamata su san sunan kowane ɗalibi da ma'aikaci da aka turo waɗannan ƙananan hukumomi uku, su haɗa shi da gidan masu bi tun makon farko. Zumuntar Mata da ƙungiyoyin matasa su riƙa ware wani abu daga baiko don gwauraye da waɗanda aka raba da gonakinsu, domin mai bi da ya kwana uku bai ci ba, maƙwabcinsa na coci bai sani ba, an riga an bar shi shi kaɗai a gaban mai tayin kuɗin daji.