Yadda Ake Shirya Tirela Kafin Zaman Gona Lokacin Kaka

Da zarar ruwa ya fara ɗaukewa a watan Oktoba, hankalin manoman shinkafa na unguwar Vittin sai ya koma daji. Gidajensu na nan cikin Tamale, amma gonakin suna nesa: wasu a fadamun hanyar Salaga, wasu wajen Nasia, wasu har kwarin Fumbisi can arewa. Ba gonar zuwa da safe a dawo da yamma ba ce. In girbi ya kama, mutum kan share makonni a can, yana jiran injin girbi ya zo kansa, yana gadin abin da aka riga aka yanka. A tsawon wannan zama tirelar tarakta ce ɗakinsa. A cikinta ake ajiye abinci, a ƙarƙashinta ake fakewa rana, a gefenta ake kafa tampol a kwana.

Abin da ke damuna shi ne, wannan tirelar ita ce ta yi damina tana jigilar taki da maganin ciyawa. Buhun yuriya ya fashe a cikinta, galan ya yi yoyo, katako ya sha. Sannan aka jingine ta bayan gida wata biyu ko uku, ruwa na dukanta. Ranar tafiya sai a share da tsintsiya kawai, a ɗora garin tuwo da tabarmi da yara 'yan aiki. Shirin da ya dace yana cin kamar mako guda, kuma a gida ake yin sa, domin a fadama babu mai faci, babu mai walda. Wanda abin hawansa babur mai taya uku ne, wato Motor King, duk abin da zan faɗa ya shafe shi, aikinsa dai ya fi sauƙi.

Fara da fito da tirelar fili. Kada ka zura hannu ƙarƙashin bodi ko cikin tarin buhunan da suka yi damina a ciki. Sa takalmin roba mai dogon wuya, ka ɗauki sanda ka bubbuga ko'ina, ka ɗaga kaya da sandar ɗaya bayan ɗaya. Kunama da maciji suna son irin wannan wuri, rina kuma kan yi gida a lungun ƙarfe. Ja tirelar zuwa busasshen wuri mai rana, nesa da rijiya, nesa da inda awaki da kaji ke kiwo, saboda ruwan wankin da zai zuba ba mai kyau ba ne. Kwashe komai, har igiyoyi da tsummoki.

Galan-galan na maganin ciyawa da ka tarar, wuri ɗaya za ka tara su. A ɗauraye kowanne sau uku, a zuba ɗaurayen cikin tankin feshi, sannan a huda gindinsa don kada wani ya ɗauka. Na san yadda ake son waɗannan robobi, suna da ƙwari, murfinsu na kamawa. Amma robar da ta taɓa ɗaukar Gramoxone ko wani maganin feshi ba ta komawa ta ruwan sha ko ta man girki, komai yawan wankin da ta sha. Sinadarin da ke cikin Gramoxone, kurɓa kaɗan kan iya kashe babban mutum, kuma ba shi da makari.

Yanzu sai wanki, kuma nan ne ya kamata a daɗe. A fara sharewa a bushe, a kankare takin da ya daskare a kusurwoyi da tsohuwar adda. Taki gishiri ne, yana jan laima, yana cin ƙarfe a hankali, shi ya sa gindin bodi ke fara ruɓewa daga kusurwa. Bayan an kankare, a jiƙa, a zuba omo, a goge da buroshi mai tauri daga sama zuwa ƙasa, a ɗauraye, a sake. Mai wankin ya sa safar hannu ta roba. Kowa ya san ruwan famfo ba kullum yake zuwa unguwannin wannan gefen gari ba, don haka a tanadi durom ɗaya ko biyu tun kwana biyu kafin nan, ko a ja ta zuwa wurin wankin mota inda suke da injin fesa ruwa mai ƙarfi. Kada dai a kai ta bakin dam ɗin da mutane ke ɗiba su sha. In daɓen tirelar na katako ne, ka sunkuya ka shinshina bayan ta bushe. Katakon da har yanzu yake warin magani, ko ya yi baƙi da lema, cire shi za a yi a sa sabo. Kuɗin katako biyu bai kai asarar buhun gari da ya ɗauki wari ba, balle lafiyar wanda zai kwanta a kai. A bar ta ta sha rana yini biyu cur, ƙofar baya a buɗe.

In ta bushe, tsatsa za ta nuna kanta. Goge ta da buroshin waya har ƙarfe ya fito, ka danna da bakin sukundireba. Inda ya lotsa ko ya huje, aikin mai walda ne. Inda yake da ƙarfi, a shafa jan fentin hana tsatsa. Wasu kan shafe daɓen da baƙin mai don arha. A ƙarƙashin bodi babu laifi, amma ban yarda da shi a ciki ba, inda shinkafa za ta zauna.

Daga nan sai ƙafafu. Sa duwatsu ka tare tayoyin, ka ɗaga gefe ɗaya da jak, ka tokare da kututture mai ƙarfi kafin kowa ya leƙa ƙasa. Juya tayar da hannu. In ka ji gurnani, ko ka girgiza ta ka ji tana wasa, boris ya gaji. A kwance, a wanke da kananzir, a duba, a cika da sabon giris ko a canza. Boris ɗin da ya ƙone da lodin shinkafa a tsakiyar hanya kan ci mutum kwana biyu a daji, ga shinkafa a fili. Duba gefen tayoyin, domin taya da ta daɗe tsaye a rana kan tsattsage ko da haƙoranta na da sauran kyau. Ɗaure notuna duka. Sannan ka je wuyan tirelar, inda take haɗuwa da tarakta, ka duba waldar da kyau ko akwai tsagewa. Fin ɗin da ke riƙe ta ya zama na asali mai makulli, ba guntun rodi da aka lanƙwasa ba, kuma a ƙara sarƙa ta biyu. In mai juye kaya ce, a duba tiyon mai ko yana yoyo. A maƙala abin ƙyalli ja a baya, a gyara fitila in akwai. Tirela marar haske a hanyar Yendi ko ta Bolgatanga da dare haɗari ce ga mai babur da ke tahowa a baya, ba ya ganin ta sai ya iso.

Tampol a shimfiɗa shi a tsakar gida, a wanke, a shanya. Hanyar gano huda mai sauƙi ce: mutum biyu su ɗaga shi sama da rana, ɗaya ya shiga ƙasa ya duba inda haske ke ratsowa, ya yi alama da gawayi. A kai wa mai ɗinki ko a liƙe. A tafi da biyu, ɗaya na kwana ɗaya na shanya shinkafa, kada a haɗa. Igiya da buhuna da allurar ɗinkin buhu duk ana samu a kasuwar Aboabo, kuma gara a saya da wuri kafin kowa ya ruga. Gidan sauro mai magani ba a wanke shi da omo, ba a kuma shanya shi a rana. Sabulu na gari da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, a ɗinke ramukan. Fadama ce za a kwana, sauron wurin bai san kaka ta yi ba.

Ruwan sha yana bukatar nasa lissafin. Jarkokin nan rawaya da ake kira galan ɗin Kufuor su ne abin ɗiba, amma waɗanda suka taɓa ɗaukar man girki kaɗai, ba dizal ba. A zuba tsakuwa da sabulu a girgiza har kore-koren ciki ya fita, a ɗauraye, a kife su bushe. A ɗaura wa jarkar dizal jan ƙyalle a hannu don kada a rikita da dare. Wanda ya girma a wannan yanki ya san kurkunu, ya san yadda ta kwantar da mutane a Savelugu a 2007. An ga mai ita na ƙarshe a Ghana a 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da ita a 2015. Wannan bai mai da ruwan kududdufi mai tsabta ba. Gudawa da zazzaɓin taifot suna nan, ga maganin feshi da ruwa ya wanko daga gonaki. In ruwan gida ya ƙare, a nemi rijiyar burtsatse a ƙauye mafi kusa. In dole sai na rafi, a tace da ƙyalle, a tafasa.

Wuta kuwa, ita ce babbar fargabar mai shinkafa a Nuwamba da Disamba. Dattawa ba su manta gobarar dajin 1983 da yunwar da ta biyo ba, kuma tun 1990 akwai dokar da ta hana cinna wa daji wuta. A sa adduna da fartanya cikin kaya don share fili kewaye da masauki da kewaye da tarin shinkafa. Girki a kan kurfoti, a fili, a gefen da iska ba za ta kai tartsatsi kan tattaka ba. In hunturu ya sauko, kada a shigar da garwashi cikin tampol a rufe don jin ɗumi. Iskar gawayi ba ta da wari, barci take sa mutum, wani ba ya farkawa.

A haɗa ƙaramin akwati na magani: farasitamol, gishirin gudawa, bandeji, da katin inshorar lafiya na kowa. Lokacin girbi ne kububuwa ta fi sara, don tana kwanciya ƙarƙashin dami. In ta faru, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa da igiya tamau. A hana ƙafar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti nan take. Saboda haka tun kafin a tashi a san asibitin da ya fi kusa da gonar, kuma a tafi da babur ɗaya wanda kullum akwai mai a tankinsa.

Saura kwana ɗaya, a haɗa tirelar da tarakta a zaga da ita cikin unguwa ba kaya. A tsaya a taɓa cibiyar kowace taya. In ta yi zafin da hannu ba zai jure ba, a koma wurin makaniki. Sannan a yi lodi: masu nauyi, wato durom da jarkoki, a kan gatarin tayoyi ko ɗan gaba kaɗan, a ɗaure su kada su yi yawo. Dizal a kusurwar baya shi kaɗai. Garin masara, garin rogo, kuka, daddawa, busasshen kifi da shito a cikin bokitai masu murfi saboda ɓera, a gaba, nesa da mai. Jak, sifana, famfon taya, tayar safiya da robar giris a inda hannu zai kai ba sai an sauke kaya ba. 'Yan aiki su zauna cikin bodi, kada kowa ya hau wuyan tirela ko marfin tayar tarakta. A faɗa wa mutanen gida sunan ƙauyen da ke kusa da gonar da lambar wani mazaunin can, don ba ko'ina waya ke kamawa ba, a kuma tashi bayan sallar asuba domin a isa a kafa masauki da sauran rana.