Lokacin da ya dace a nemi dawakin daji a gandun Hustai

Gandun dajin Hustai, wanda ke cikin tsaunukan ƙasar Mongoliya kimanin kilomita 100 yamma da birnin Ulanbato, yana cikin wurare ƙalilan da ake ganin takhi, wato dokin dajin da Turawa ke kira da sunan Przewalski, yana kiwo ba linzami ba makiyayi. A 1969 aka yi wa wannan doki ganin ƙarshe a daji, kuma sai a 1992 aka fara dawo da zuriyarsa Hustai daga ƙasar Holan, bayan shekarun da ta yi a gidajen ajiye namun daji.

Matsalar da maziyarta suka fi kuka da ita, ta isa gandun su koma ba su ga komai ba, yawanci daga lokacin zuwa take. Mai barin birni da hantsi yakan iso da rana tsaka, alhali a lokacin zafi dawakin kan haye ƙololuwar tuddai inda iska ke kaɗawa domin guje wa ƙudaje, ba sa gangarowa rafi shan ruwa sai da sassafe ko da la'asar sakaliya. Saboda haka kwana a masaukin da ke bakin gandun ya fi tafiyar wuni ɗaya, kuma ɗaukar ɗan jagora ba almubazzaranci ba ne, tunda ma'aikatan wurin suna bin sawun kowane garke.

Garken takhi ingarma ɗaya ne da goɗiyoyinsa da 'ya'yansu, kuma ana gane su da launin ƙasa-ƙasa, da farin baki, da gajeriyar geza mai tsayuwa cak. Wannan launi kan saje da busasshiyar ciyawa, shi ya sa madubin hangen nesa ya zama dole.

Babban kuskure shi ne matsawa kusa domin ɗaukar hoto, musamman a watannin Mayu da Yuni da goɗiyoyi ke haihuwa, domin garken da aka firgita yakan bar ruwa bai ƙoshi ba, duƙushin da ya ware daga uwarsa kuwa ya zama abincin kyarkeci. Abin da ya kamata shi ne mota ta tsaya a kan hanyar da aka shata, mai kallo ya sauke murya, kuma da zarar ingarma ya ɗaga kai ya zuba masa ido, sai mai kallon ya ja da baya.