Darasi: Tsabtace Ruwan Rini Kafin Ya Shiga Kogi

'Yan'uwa, kakanninmu da baba da toka suke rini, kamar yadda ake yi a marinar Ƙofar Mata a Kano. Amma tun 1856, da William Perkin ya haɗa rini na sinadari a Ingila, masana'antu suka koma gare shi. Idan aka zubar da ruwansa a kogi, launin yakan tare hasken rana, tsiron ruwa ya mutu, kifi ya rasa iska. Wasu irin rinin kuma sukan rikiɗe su zama gubar da ke jawo ciwon daji. Da wannan ruwa muke ban ruwan lambu, shi dabbobinmu suke sha.

Masana suna gwada sababbin hanyoyin tsabtace shi, kuma mun san kayan aikin.

1. 'Ya'yan zogale. A ɓare, a daka, a dama garin cikin ruwan. Yakan tattara dauɗa da wani kashi na launin su kwanta a ƙasa.

2. Gawayi na musamman. Ana gasa ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa da zafi mai tsanani har ya yi ƙananan ƙofofi. Rinin yakan manne a ciki sa'ad da ruwan yake wucewa. In gawayin ya cika, sai a sauya.

3. Tafkin kacala. Ana sakin ruwan a hankali cikin rami mai tsakuwa da ciyawar kacala. Ƙwayoyin halitta da ke saiwoyin sukan narkar da rinin.

Mu lura da kyau. Ruwan da ya washe ba lalle ne ya zama na sha ba. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da rini. Dauɗar da ta kwanta guba ce, kada a zuba ta a gona ko kusa da rijiya.

Wurin gyara shi ne bakin masana'anta, kafin ruwan ya fita. Tun 2009 dokar Najeriya ta ɗora wannan nauyi a kan masana'antun yadi da fata, hukumar NESREA ce ke lura. In kogi ya sauya launi, mu rubuta ranar, mu kai ƙara ta hannun mai gari.

Tambayoyi don tattaunawa:
Daga ina ruwan koginmu yake zuwa?
Masu rini a garinmu, ina suke zubar da ruwansu?
Wa za mu wakilta ya kai ƙara?