Tawali'u da Nauyin Damuwa

A Wasiƙar Bitrus ta Fari, sura 5, manzon ya haɗa tawali'u da miƙa wa Allah damuwa, kuma da dalili: mai girman kai ne ke ganin komai a wuyansa yake.

Ga misalin miƙa wa Allah damuwa: George Müller na Bristol a Ingila ya riƙe marayu fiye da 10,000 kafin rasuwarsa a 1898, bai roƙi kowa kuɗi ba. Yakan rubuta addu'o'insa da yadda aka amsa su.

Wannan dabara za ta amfani Kiristan da kuɗin makaranta ko jinya suka hana barci. Ya rubuta damuwarsa dalla-dalla, ya yi addu'a a kanta, ya cire kunya ya shaida wa dattijon ikilisiya, sannan ya fita neman abincin ranar.