Injin wanki ya malala ruwa, laifin wa?

Anti, ina da injin wanki mai ɗibar ruwa da kansa. Kwanan nan sai in tashi da safe in tarar ya cika ya tumbatsa, ruwa har falo, kafet ya jiƙe sharkaf. Yarinyar da ke taya ni aiki ta rantse ta kashe shi kafin ta kwanta, ban yarda ba, na yi mata faɗa har ta yi kuka. Maigida ya ce in mayar da ita gidansu. Me kike gani?
Wata uwargida, Kaduna

'Yata, dakata tukuna, kada ki haɗa wa yarinyar nan kayanta. Na san ɓacin ran tashi a taka ruwa da sassafe, ga warin jiƙaƙƙen kafet, ga maigida yana huci. Wace mace ce ba za ta hasala ba? Amma kin yanke hukunci ba ki bincika ba, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Injin da aka kashe yana iya shan ruwa har ya zubar, ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Leƙa bayan injin, inda tiyo ya shiga. A nan akwai wani ɗan bawul da masu gyara ke kira solonoyid, shi ne mai gadin ƙofar ruwa. A cikinsa akwai naɗin siririyar wayar tagulla, da ɗan sandan ƙarfe a tsakiyar naɗin, da sifirin da ke danne sandan, sai faifan roba da ke toshe hanya. In injin yana son ruwa sai ya tura wa naɗin wuta, naɗin ya zama maganaɗisu ya ja sandan sama. Wannan ƙas ɗin da kike ji kafin ruwa ya fara zuba, motsinsa ne. In wuta ta yanke, sifirin ya mayar da sandan, ƙofa ta rufe.

Ga inda matsalarki take. Sandan nan ba shi da ƙarfin ɗaga robar, wata 'yar huda kawai yake buɗewa a tsakiyarta. Ruwan da ya taru a bayan robar yana danne ta sai ya tsere ta hudar, ruwan famfo kuma ya ture ta ya wuce. Wajen rufewa ma ruwan ne ke sake taruwa a bayanta ya matse ta. To, in ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a wurin, ko robar ta tsufa ta taurare, ƙofa ba za ta rufu ruf ba. Ruwa zai yi ta tsiyaya dare guda, yarinya tana barcinta.

Gwada da kanki, ba sai da kuɗi ba. Ki kwashe ruwan injin, ki busar da hannunki, ki zare filogi daga soket, ki bar famfo a buɗe. Bayan awa biyu ki leƙa. In ruwa ya taru alhali babu wuta, bawul ne ya lalace. In kuwa sai da wuta yake wuce iyaka, a duba abin da ke auna cikar ruwa ko ƙwaƙwalwar injin. Wannan aikin mai gyara ne. Kada ki buɗe bayan injin da kanki, wutar gidanmu ta haura bolt 200, ga ƙasa a jiƙe.

In ta tabbata bawul ne, ki kira yarinyar nan ki ba ta haƙuri da bakinki, a gaban waɗanda suka ji faɗan. Girmanki ba zai ragu ba. 'Yar mutane ce aka ba ki amana, ta faɗi gaskiya an ƙaryata ta, kuma wannan ciwo ya fi daɗewa a zuciya fiye da zagin kansa. In kika bar shi haka, gobe ko ta ga abu yana lalacewa shiru za ta yi don tsoro. Maigida ma ki kai shi bayan injin ya gani da idonsa.

Ku kuma sauran 'yan uwa masu karatu, na san da yawanku ruwan bohal kuke sha daga tanki, kuma da yashinsa yake zuwa. A bakin bawul ɗin akwai 'yar raga mai tace datti. Ku rufe famfo, ku kwance tiyo, ku zaro ta a hankali da filaya, ku wanke da tsohon buroshi. Kada ku yar da ita don ruwa ya ƙara gudu, ita ce ke tare yashin.

Masu kukan injinsu yana gurnani amma ruwa ba ya shiga, ku dubi tsayin tankinku kafin ku zagi mai shago. Tunda ƙarfin ruwa ne ke ɗaga robar, tankin da ke dab da rufin ɗaki ba lalle ya iya ba. Tsayin mita 10 ne ke ba da kusan bar 1 a ma'aunin matsin ruwa, littafin injinku kuma ya rubuta mafi ƙarancin abin da yake bukata. A ɗaga tanki, ko a sa ƙaramin injin tura ruwa.

Kuma duk wadda ta gama wanki, ta rufe famfon injin kafin ta kwanta.