Darasi: Kuturta Tana Warkewa

Darasinmu na yau a kan kuturta ne, cutar da tsoronta ya fi ta kanta yin ɓarna. Mutane da yawa suna ɓoye tabon da ke jikinsu shekara da shekaru don gudun kada a ware su, har hannu ko ƙafa ta lalace. Bari mu ga abin da ake koya wa marar lafiya a asibiti.

Mene ne ke kawo ta?

Ƙwayar cuta ce, wadda wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano a shekara ta 1873. Ba sammu ba ne, ba la'ana ba ce, ba a kuma gadonta. Tana yaɗuwa ta ɗigon da ke fita daga hanci da baki, in an daɗe ana zama kusa da wanda bai fara shan magani ba. Gaisawa da hannu ko zama a benci ɗaya ba ya kawo ta. Yawancin mutane ma jikinsu yana kashe ƙwayar da kansa. Tana iya kwanciya a jiki shekara 5, wani lokaci har 20, kafin ta nuna.

Yaya ake gane ta?

Alama ta fari ita ce tabo a fata wanda ya fi sauran jiki haske, ko ya yi ja-ja. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya zafi, shi ya sa ake ɗauka kyasbi ne. Ma'aikacin lafiya yakan ce ka rufe ido, ya taɓa wurin da auduga. In ba ka ji ba, to, akwai magana. Ƙwayar tana cin jijiyoyin da ke sa mutum ya ji taɓi da zafi. Ka lura da wannan da kyau: yatsu ba sa guntulewa haka kawai. Ƙaya ce ke shiga, wuta ce ke ƙonawa, mutum bai sani ba, miki ya ruɓe har ya kai ga ƙashi.

Magani

Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Uku ne: rifamfisin, dafson da kilofazimin. Mai tabo 1 zuwa 5 zai sha wata 6, wanda tabonsa ya wuce 5 zai sha wata 12. Sau ɗaya a wata ana shan ƙwayoyin a gaban ma'aikacin lafiya, sauran kuwa kowace rana a gida. Da zarar an fara sha, mutum ya daina yaɗa cutar.

Kada ka firgita in fitsarinka ya yi ja, aikin rifamfisin ne. Fata takan yi duhu, amma za ta koma daidai sannu a hankali bayan an gama. In tabo ya kumbura, ko jijiya ta yi ciwo, ko ido ya yi ja, kada ka bar magani, ka koma asibiti ran nan. A Nijar, asibitin Danja kusa da Maraɗi, wanda mishan ta SIM ta kafa a 1956, ya daɗe yana wannan aiki.

Kula da kai

Magani yana kashe ƙwayar, amma jijiyar da ta mutu da daɗewa ba ta dawowa. Saboda haka kowace yamma ka duba tafin ƙafa da hannu. Ka jiƙa su a ruwa, ka goge kaushi, ka shafa mai. Kada ka yi tafiya ba takalmi. Uwargida, ki riƙe tukunya da tsumma mai kauri. Mutanen gidan kuma su je a duba su.

'Yan'uwa, mai shan magani yana bukatar wanda zai raka shi asibiti, ya kuma ci tuwo tare da shi. Wanda aka ware yakan bar magani a rabi.

Tambayoyi don nazari

1. Me ya bambanta tabon kuturta da kyasbi?
2. Wata nawa ake shan magani?
3. Wa ka sani da yake bukatar ziyararka a makon nan?